Zauren Tambaya da Amsa: Sarah Bernhardt, Jarumar da Majigi Ya Kasa Ɗaukar Muryarta

A fitowar da ta gabata, sa'ad da muke amsa wata tambaya a kan yadda majigi ya fara, mun ambaci wata 'yar wasan kwaikwayo ta ƙasar Faransa mai suna Sarah Bernhardt a cikin jimla ɗaya, muka ce shigarta harkar fim na daga cikin abubuwan da suka sa manyan mutane suka daina yi wa sinima kallon raini. Wannan jimla ta jawo wasiƙu daga cikin birnin Sakkwato da kewayensa, saboda haka muka ware mata shafin wannan wata. Mun taƙaita wasu wasiƙun, kuma kamar yadda muka saba, ba mu buga sunan kowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma malaminmu na darasin wasan kwaikwayo ya taɓa kiran sunan wannan mata ya wuce. Don Allah a ba ni tarihinta: 'yar wane ce, a wane zamani ta rayu, kuma me ya ɗaukaka ta?
Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. An haifi Sarah Bernhardt a birnin Paris cikin watan Oktoba na shekarar 1844, kuma a can ta mutu ranar 26 ga Maris, 1923. Idan kika auna da tarihin gida, an haife ta a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, tana da shekara 58 lokacin da Turawan Ingila suka shigo Sakkwato a 1903, ta kuma mutu a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare.

Game da asalinta, mahaifiyarta Bayahudiya ce daga ƙasar Holan wadda take zaman kanta a Paris tana hulɗa da masu kuɗi da masu mulki, uban kuwa ba a bayyana sunansa ba. An sa yarinyar makarantar kwana ta matan zuhudu na ɗariƙar Katolika a Versailles, inda aka shigar da ita addinin Kirista, har ta ƙudurta cewa ita ma zuhudun za ta yi. Wanda ya karkatar da ita zuwa dandamali shi ne Duc de Morny, ɗan'uwan Sarki Napoleon na Uku ta wajen uwa, wanda yake cikin masu zuwa gidan mahaifiyarta. Da hannunsa ta sami shiga babbar makarantar koyon wasa da waƙa ta Paris, kuma a jarrabawar shiga, maimakon ta fito da wani yanki na wasa kamar sauran yara, sai ta karanta wata tatsuniyar tattabaru biyu da ka, aka kuwa ɗauke ta.

A 1862 ta shiga Comédie-Française, wato ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gwamnati wadda Sarki Louis na 14 ya kafa tun 1680, kuma duk ɗan wasan Faransa yake mafarkin shigarta. Fitowarta ta farko ba ta burge kowa ba. Kafin shekara ta zagayo ma ta bar wurin, domin a wani biki na ƙungiyar ƙanwarta ta taka wa wata babbar 'yar wasa jelar riga, matar ta ture yarinyar, Sarah kuwa ta wanka mata mari a gaban jama'a ta kuma ƙi ba da haƙuri. Wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin abin da ya biyo baya a rayuwarta ba.

Ta sha wuya na 'yan shekaru, ta haifi ɗanta Maurice a 1864, sannan a 1866 gidan wasa na Odéon ya ɗauke ta, kuma a nan ne ta koyi sana'ar da gaske. Sunanta ya fara fita a 1869 da wani gajeren wasa inda ta fito a matsayin saurayi mawaƙi mai yawo. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furusiya, babbar masarautar Jamusawa, a 1870, Jamusawa suka yi wa Paris ƙawanya har mutanen gari suka koma cin dawaki da ɓeraye, sai ta mayar da gidan wasan asibitin sojoji, ta bi masu hali tana roƙon abinci da gawayi, ta kuma yi jinyar masu rauni da kanta. Bayan yaƙi, a 1872, ta fito a matsayin sarauniya a wani wasan marubucin Faransa Victor Hugo, kuma ga shi ake danganta laƙabin da ya bi ta har mutuwa, wato mai muryar zinariya. A shekarar ne ƙungiyar da ta rabu da ita ta neme ta ta dawo. A 1874 ta taka rawar Phèdre ta marubuci Racine, rawar da Faransawa suke auna duk wata babbar 'yar wasa da ita, a 1879 kuma ƙungiyar ta je Landan, mutanen Ingila suka nuna ƙarara cewa ita suka zo kallo. A 1880 ta ajiye aiki ba tare da izini ba, kotu ta ci ta tarar faran 100,000, ita kuwa ta kafa tata ƙungiya ta hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Daga wannan shekara har ta mutu, ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke zaɓen wasa, ita ke biyan albashi.

TAMBAYA: Malam, Allah shi ba ka haƙuri. Da na karanta yabon da kuka yi mata sai na sa jikana ya nemo mini fim ɗinta a waya. Abin da na gani tsohuwa ce tana ɗaga hannuwa sama tana dafe ƙirji, daga baya ta faɗi bisa tarin matasai. Ni ban ga gwaninta ba. Ko dai Turawa ne suka zuzuta tasu?
Daga wani tsohon malamin firamare, Boɗinga.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Idonka bai yaudare ka ba, kuma daga bayanin da ka yi na gane fim ɗin da ka gani, shi ne na Sarauniya Elizabeth ta Ingila wanda aka yi a 1912, lokacin tana dab da cika shekara 68, gwiwarta kuma ta riga ta lalace. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata a sa a ma'auni kafin a yanke mata hukunci.

Babban jarinta murya ce, majigin wancan zamani kuwa bebe ne. Fim mai magana bai shiga kasuwa ba sai 1927, shekara huɗu bayan mutuwarta. Da yawa daga cikin manyan wasannin Faransa da ta yi suna da su a waƙe aka rubuta su, kowane layi yana da gaɓa goma sha biyu, layuka bibbiyu suna amsa amo, kuma gwanintar ɗan wasa tana ga yadda zai rera su, inda zai ja numfashi, inda zai sassauta har ya koma raɗa, da inda zai saki murya ta cika ɗaki. Waɗanda suka gan ta da idonsu a kan wannan suka fi yin rubutu. Ta zagaya Amurka da Rasha da Masar da Turkiyya da Ostareliya da Kudancin Amurka tana wasa da Faransanci zalla, akasarin 'yan kallo ba su jin ko kalma ɗaya, amma suna sayen tikiti da tsada suna fita da hawaye. To, Baba, kallon fim ɗinta marar sauti kamar a nuna maka hoton makaɗin fada ne bakinsa a buɗe, tafashen a gabansa, sannan a ce ka faɗi ko ya iya waƙa.

Ɗaga hannun da ka gani ma yana da dalili. Gidan wasan da ta riƙe a Paris daga 1899 yana cin mutum wajen 1,700, ba lasifika, ba makirufo, kuma wanda ya sayi tikitin araha yana can ƙololuwar bene inda ba ya iya ganin ƙiftawar ido ko rawar leɓe. Dole ɗan wasa ya faɗaɗa motsinsa yadda na nesa zai karanta baƙin ciki ko fushi daga tsayuwar jiki. Da aka kawo kyamara, masu ɗauka ba su riga sun koyi matso da ita kusa da fuska ba. Sai su girke ta wuri ɗaya kamar ɗan kallon da ke zaune a sahun tsakiya, 'yan wasa su shigo ta gefe su fita ta gefe, a riƙa sa rubutu a allo yana bayyana abin da zai faru. Ga kuma wata matsala ta na'ura: da hannu ake juya kyamarar, tana ɗaukar hoto wajen 16 zuwa 18 a daƙiƙa ɗaya, idan kuwa aka haska shi da saurin da aka tsayar daga baya na hoto 24, sai tafiya ta koma tsalle-tsalle, abin tausayi ya koma abin dariya. Matasan kai da ta faɗa a kansu kuwa an tara su ne domin mace mai irin shekarunta da irin ciwonta ba za ta iya zubewa a kan katako ba.

Ita kanta ba ta yarda da majigi da farko ba. Ta fara tsayawa gaban kyamara a 1900, shekara biyar bayan 'yan'uwan nan Lumière sun fara haska fim ga masu biya a Paris, a wani ɗan guntun fim na kimanin minti biyu inda take fafatawa da takobi. Wanda ta yi a 1908 kuwa bai gamsar da ita ba ko kaɗan. Abin da ya sa muka ambace ta a wancan wata shi ne abin da fim ɗin 1912 ya haifar. A lokacin, a Amurka, sinima nishaɗin talakawa da baƙin haure ne, ana biyan kwabo kaɗan a kalli gajerun finafinai na minti goma zuwa sha biyar, manyan 'yan wasan dandamali kuwa suna jin kunyar a gan su a ciki. Wani ɗan kasuwa mai suna Adolph Zukor ya sayi izinin nuna fim ɗin a Amurka, ya haska shi a watan Yuli na 1912 a gidan wasa na Lyceum da ke New York, wurin da masu hannu da shuni suke zuwa, ya nuna cewa mutane za su zauna su kalli dogon fim su kuma biya kuɗi mai kauri idan akwai babban suna a ciki. Kamfanin da ya kafa a kan wannan nasara, Famous Players, shi ne ya rikiɗe ya zama babban kamfanin finafinan nan na Paramount. A ganina sinima ta fi cin ribar Sarah fiye da yadda Sarah ta ci ribar sinima.

Duk da haka, Baba, kana da abokan ra'ayi tun tana raye. Marubucin nan na Rasha Anton Chekhov ya kalle ta a Mosko a 1881 ya ga dabara ta fi zuciya yawa a wasanta. Marubuci George Bernard Shaw kuma, a Landan a 1895, ya gwada ta da 'yar wasan Italiya Eleonora Duse, wadda take wasa a natse ba kwalliya mai yawa, ya fifita Duse, yana mai cewa Sarah ba ta shiga rigar wadda take kwaikwaya, sai dai ta ture ta ta tsaya a gurbinta. Salon Duse ne ya yi rinjaye a finafinan da suka biyo baya, shi ya sa idonmu na yau ya saba da shi. Akwai faya-fayan muryar Sarah da suka saura, amma an naɗe su a na'urorin farko masu ƙarar shashshaka, kuma wanda ya saurara zai ji murya mai tsini da rawa kamar ana rera karatu. Su ma inuwar abin ce kawai.

TAMBAYA: Gaskiya ne a cikin akwatin gawa take kwana?
Daga wani tela, Tsohuwar Kasuwa.

AMSA: Malam, tana da akwatin gawa a ɗakinta, wannan gaskiya ne, kuma akwai hotonta kwance a ciki ido rufe, furanni a kan ƙirjinta, wanda aka riƙa sayarwa a matsayin kati. Takan kwanta a ciki wani lokaci. Ta kuma tara namun daji a gida, har da rabbi da kada, ta hau balan-balan ta ratsa samaniyar Paris a 1878 abin da ya fusata shugaban ƙungiyarsu, tana sassaƙa gumaka tana kai su baje koli. Ni dai ina ganin rabin wannan hali ne, rabi kuwa talla ce. Ta gane tun kafin kowa cewa duk labarin da jarida ta buga a kanta, mai daɗi ko marar daɗi, tikiti yake sayarwa.

TAMBAYA: Ni harkar shirya finafinai nake so in shiga. Abin da nake son sani shi ne ta fuskar kuɗi: yaya mace a wancan zamani ta riƙe ƙungiya da gidan wasa, kuma ta mutu da dukiya?
Daga wani matashi, Gawon Nama.

AMSA: Ɗana, wannan ita ce fuskar rayuwarta da aka fi mantawa, alhali ita ce ta fi amfani ga mai irin niyyarka. Tafiyarta ta farko zuwa Amurka, daga ƙarshen 1880 zuwa 1881, ta yi wasa sama da 150 a garuruwa wajen 50, tana da taragonta na musamman a jirgin ƙasa, kuma sharaɗinta shi ne a biya ta kuɗi hannu. A cikin wannan tafiya ce ta ziyarci mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan na Amurka Thomas Edison ya naɗi muryarta a sabuwar na'urarsa. Wasu limaman coci sun hau mumbari suna gargaɗin mabiyansu kada su je kallonta, abin da ya ƙara cika ɗakunan wasan.

Daga 1893 ta riƙe gidan wasa na Renaissance, a 1899 kuma ta karɓi hayar wani babba daga hukumar birnin Paris ta sa masa sunanta. Gyare-gyaren da ta yi suna nuna ta san ciwon sana'arta. A al'adar gidajen wasan Paris akwai mutanen da ake biya su zauna cikin 'yan kallo su riƙa tafi a wuraren da aka shirya. Ta sallame su. Akwai ɗan akwati a bakin dandamali inda wani yake ɓoye yana raɗa wa 'yan wasa layin da suka manta. Ta cire shi, wanda bai haddace ba ya kuka da kansa. Ta kuma hana mata zama da manyan hulunan da ke tare wa na baya gani. Da wani mai zane ɗan ƙasar Cek da ba a san shi ba, Alphonse Mucha, ya zana mata fostar da ta burge ta a ƙarshen 1894, nan take ta ɗaure shi da kwantiragin shekara shida.

Abin da ya fi burge ni shi ne na 1906. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta mamaye akasarin gidajen wasan Amurka, ta kuma rufe mata ƙofa saboda tana aiki da abokan hamayyarsu. Sai aka kafa mata katafaren tanti irin na masu wasa da dabbobi, mai cin mutum dubbai, ta yi wasa a cikinsa a jihar Texas, a wasu garuruwan kuma a ɗakunan taro da filayen wasanni.

Dukiya kuwa ba ta zauna mata ba. Tana kashewa kamar yadda take samu, wasu wasannin da ta zuba wa kuɗi sun faɗi, ɗanta yana caca ita ke biya, kuma sau da yawa ta jinginar da gwala-gwalanta ko ta sayar. Shi ya sa ta yi ta komawa Amurka da sunan zagayen bankwana, ta yi bankwanar ta sake dawowa. Wanda zai shiga harkar fim ya koyi riƙon ragama daga gare ta, lissafin aljihu kuwa ya nema a wani wuri.

TAMBAYA: Malam, ina da ɗiya da ta gama sakandare ta nace sai ta shiga fim. Da ta ga sunan wannan mata a mujallarku sai ta kawo mini tana cewa ga wadda duniya ta girmama. Na ji an ce shigar maza take yi, kuma ba ta yi zaman aure ba. Ina son a faɗa mini gaskiya.
Daga wata uwa, Mabera.

AMSA: Hajiya, ranki ya daɗe, abin da kika ji yana da tushe. Ta fito a matsayin namiji a wasanni da dama. Biyu sun fi shahara: a 1899, tana da shekara 54, ta fito a matsayin Hamlet na Shakespeare, a 1900 kuma ta fito a matsayin ɗan Napoleon na Ɗaya, saurayin da ya mutu yana da shekara 21. A gidajen wasan Faransa tsohuwar al'ada ce mace ta taka rawar yaro ko saurayi, hujjarta ita kuwa ita ce irin waɗannan rawar suna buƙatar jikin matashi da hankalin babba, kuma samarin 'yan wasa ba su da na biyun. A wasu wuraren akasin haka aka yi. A Ingila ta zamanin Shakespeare yara maza ne suke fitowa a matsayin mata, ba a bar mace ta hau dandamali ba sai 1660. A Indiya, da Dadasaheb Phalke zai yi dogon fim ɗinsa na farko a 1913, bai sami macen da za ta yarda ba, sai namiji ne ya fito a matsayin sarauniya. Mu ma nan, duk wanda ya yi makarantar kwana ta maza ya san wanda ake ɗaura wa zane da kallabi ranar wasa.

Game da aure, ta haifi ɗanta ba tare da aure ba, tana da shekara 20. Ta yi aure sau ɗaya, a Landan a 1882, da wani Bagirke mai suna Damala wanda ta girme shi, auren bai yi daɗi ba, mijin ya faɗa shan ƙwaya ya mutu a 1889. Ba zan ce miki rayuwarta ta gida abar koyi ce ga ɗiyar Musulmi ba, kuma ko a ma'aunin Faransawan zamaninta an yi ta tsegumi a kanta.

Girmamawar da ɗiyarki take magana a kai ma ba da wuri ta zo ba. A Faransa cocin Katolika ya daɗe yana ware 'yan wasa, har wata shahararriyar 'yar wasa mai suna Adrienne Lecouvreur da ta mutu a 1730 aka hana ta jana'izar coci. Sarah ba ta sami babbar lambar girma ta ƙasarta ba sai a 1914, tana dab da shekara 70, bayan ta shafe sama da shekara hamsin a kan dandamali. A ƙasashen Musulmi ma matan farko sun sha irin wannan kallo: Aziza Amir da ta shirya fim ɗinta a Masar a 1927, da Fatma Rushdi wadda Misirawa suka yi wa laƙabi da Sarah Bernhardt ta Gabas, da Fatma Begum ta Indiya wadda ta tashi daga dandamalin Urdu ta zama darakta a 1926.

Hukuncin barin yarinya ko hana ta naki ne da mahaifinta, tare da shawarar malamai da kuka amince da su, ba na wannan shafi ba. Abin da zan ce a gaya mata shi ne, wadda ta kafa hujja da ita ta yi karatun sana'ar a makaranta, ta yi shekaru tana taka ƙananan rawa ba wanda ya san ta, ta haddace dubban layukan waƙa, ta san kwantiragi ta san kotu. Idan yarinyar suna kawai take hange, ku tambaye ta wane littafin wasa ta taɓa karantawa har ƙarshe, da kuma wanda zai karanta mata takardar da za a ba ta ta sa hannu.

TAMBAYA: An ce da ƙafa ɗaya ta ƙare rayuwarta. Me ya same ta, kuma yaya ta ci gaba da wasa?
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Arkilla.

AMSA: Malama, gwiwarta ta dama ta daɗe tana damunta, amma abin da ya ƙarasa ta ya faru ne a Rio de Janeiro ta ƙasar Birazil a 1905. A ƙarshen wani wasa da ta saba yi, jarumar takan faɗo daga saman ganuwa, a bayan dandamali kuma akwai katifar da take sauka a kai. A wannan dare ba a ajiye katifar daidai ba, sai ta sauka a kan gwiwa. Ta yi shekara goma tana wasa da ciwon, ana jera kujeru da tebura a dandamali yadda duk taku biyu ko uku za ta sami abin dafawa ba tare da 'yan kallo sun lura ba. A watan Fabrairu na 1915, a birnin Bordeaux, likitoci suka yanke ƙafar daga saman gwiwa, tana da shekara 70.

Ba ta jitu da ƙafar katako ba, ba ta kuma son a gan ta da sanduna, sai aka ƙera mata kujera mai mariƙa wadda mutum biyu suke ɗauka. Ta koma zaɓen wasannin da za ta yi a zaune ko a kishingiɗe, ta dogara ga murya da hannuwa da fuska. A cikin wannan kujera aka kai ta kusa da fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi wa sojojin Faransa wasa, daga 1916 zuwa 1918 kuma ta sake zagaya Amurka, inda ciwon ƙoda ya kwantar da ita har aka yi mata aiki, ta warke ta ci gaba da tafiya.

A farkon 1923 ta karɓi aikin wani fim inda za ta fito a matsayin mai duba. Da yake ba ta iya fita, sai aka kwaso fitilu da kyamara aka kafa a cikin gidanta da ke Paris. Ana cikin ɗauka jikinta ya ƙi, ƙodar ta daina aiki, ta mutu tana da shekara 78. Dubban mutane sun cika tituna ranar jana'izarta, aka binne ta a maƙabartar Père Lachaise. Masu fim ɗin kuwa suka nemo wata 'yar wasa suka sa mata tufafinta, suka ƙarasa sauran fitowar suna ɗaukar ta ta baya. Gidan wasanta ya ci gaba da amsa sunanta har lokacin da Jamusawa suka mamaye Paris a Yaƙin Duniya na Biyu, suka sa aka cire sunan saboda mahaifiyarta Bayahudiya ce. Ginin yana nan a dandalin Châtelet, hukumar birnin Paris ce take riƙe da shi, kuma har yau ana wasa a cikinsa.